Malam, ka fara kai su gaban manomi kafin ka koya musu babi na uku

Wa alaikumus salam ƙanina Malam. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so in amsa maka a tsaitsaye ba shi yasa na bari sai da na samu zama. Kace an ɗora maka kwas ɗin hanyoyin bincike na 'yan aji uku a sashenku na nazarin muhalli da al'umma, ɗalibai sun haura ɗari, babu kuɗin mota balle na kwana a ƙauye, handawut ɗin da ka gada kuma duk ma'anoni ne na hadda, kana tambaya ta ina zaka ɓullo wa abin don kar su je aji huɗu su kwafo furojet ɗin wani su canza sunan ƙaramar hukuma kawai. To wallahi tambayar nan ta taɓa ni, don na daɗe ina koyar da kwas ɗin nan, kuma a shekarun farko yadda aka koya min haka na koyar, ma'anar bincike, ire-iren bincike, babi na ɗaya zuwa na biyar na furojet, na ukun shi ne na hanyoyin bincike, yara su haddace su ci maki mai kyau, amma ranar da ka tsayar da su gaban manomi sai kaga ko buɗe zance sun kasa.

Bari in baka labarin abin da ya juya min tunani. Wata shekara na bi wani ɗalibina wani ƙauye ta wajen Hadeja, yaro ne mai ƙoƙari sosai, ya buga takardar tambayoyinsa tsaf. Muka samu wani dattijo a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya, yaron ya gaishe shi a gurguje yace Baba gonarka hekta nawa ce. Dattijon ya ɗago yace hekta kuma ɗan nan, ni dai ta tudu in damina ta yi kyau nakan ɗaure dami sittin na gero, ta fadama kuwa bana shekara huɗu kenan ban taka ta ba, kacala ta cinye. Ina tsaye ina kallo yaron ya duba takardarsa, bai ga gurbin dami ba bai ga gurbin kacala ba, wato doguwar ciyawar nan ta ruwa mai mamaye fadama, sai ya ja layi a akwatin hekta ɗaya zuwa biyu ya wuce tambaya ta gaba. Mutumin nan fa ya miƙa masa kan furojet ɗinsa gaba ɗaya a jimla guda, gona ta salwanta, ya faɗi dalili ya faɗi shekaru, amma takarda ta hana yaron ji. Kuma laifin nawa ne, ni na sa hannu a takardar. Daga ranar nan na daina bari ɗalibi ya rubuta tambaya ko ɗaya kafin ya je ya zauna da mutanen ya saurara.

Saboda haka abu na farko da zan ce maka, ka nemi waje guda ɗaya na gaske ka ɗaure kwas ɗin a jikinsa tun daga makon farko har na ƙarshe, duk wata dabara da zaka koyar a wajen nan zaka nuna ta. Ni dausayin Hadeja da Nguru nake ɗauka saboda babu abin da babu a cikinsa. Kogin Hadeja da na Jama'are suna gangarowa su bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta tsakanin Jigawa da Yobe, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Da can ambaliyar shekara-shekara ita ce abincin mutanen wajen, ruwa ya zo a yi shinkafa a kama kifi, in ya janye a shuka wake da sauransu a danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu da rani. Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974 don noman rani na wajen Kadawa da ruwan Kano, aka ƙara na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, babbar ambaliyar ta ragu, sannan ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, wanda shi ne abin da kacala take so, ruwa mai kwanciya shekara zagaye. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa ya kwanta a gonaki musamman ta hanyar Marma zuwa tafkin Nguru, wasu kuma suka bushe, ga tsuntsayen jan-baki sun samu wajen kwana a cikinta suna fitowa suna cinye hatsi. A 2000 aka sa yankin tafkin Nguru da Marma a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Kaga a waje ɗaya kana da manomi da masunci da makiyayi da injiniya da gwamnati, kuma kowa gaskiyarsa daban. Sai in raba ajin rukuni-rukuni in ce kowa ya kawo tambaya ɗaya tak a kan wajen nan. Masu tambayar faɗin ƙasar da kacala ta rufe su da kansu zasu gane hoton tauraron ɗan adam suke buƙata. Masu tambayar yadda ake raba wajen su tsakanin masunta zasu gane babu hoton da zai faɗa musu, sai sun zauna da Sarkin Ruwa da Bulama. Masu tambayar gida nawa suka rasa gona su ne masu buƙatar ƙirga da samfuri, wato zaɓo wasu gidaje su wakilci sauran. A nan ne bambancin binciken alƙaluma da binciken hira da lura yake shiga kansu ba tare da ka rubuta ma'ana a allo ba, don sun ga tambayar ce take zaɓar hanya. Ina kuma basu labarin aikin da Edward Barbier da William Adams da abokin aikinsu suka yi a farkon shekarun 1990, inda suka lissafa abin da noma da kifi da itacen girki suke kawowa a dausayin, suka gwada da abin da ruwan yake kawowa a noman ranin da ake yi can sama da ruwan dam, suka tarar in aka auna da yawan ruwan da ake ci, amfanin dausayin ya ninka na noman ranin nesa ba kusa ba. Sai in tambaye su to me yasa masu tsara dam basu ga wannan ba tun farko, su yi ta muhawara har wani ya faɗo ta, cewa kifin da aka ci a gida da itacen da mace ta ɗauko ba sa shiga littafin kowa. In kana Sakkwato ko Zamfara ga dam ɗin Bakolori nan, an gama shi a 1978, a 1980 aka harbe manoman da suka fito kan maganar gonakinsu da diyya, kuma har yau adadin da hukuma ta faɗa daban wanda mutanen wajen da wasu masu bincike suka faɗa daban, wannan kaɗai darasi ne na mako guda a kan alƙalamin wa zaka ɗauka. In kana Maiduguri ga dam ɗin Alau da ambaliyar da ta faru a Satumbar 2024.

Maganar rashin kuɗin mota kuwa kar ta tsayar da kai. Ba sai an je Nguru ba kafin a koyi sauraro. A Kano ga masu lambun da ke ban ruwa da ruwan Jakara da na Getsi wanda ya kwaso dattin gari da na masana'antun Bompai, ga kududdufan cikin birni da ake cikewa ana gini, ga 'yan garuwa, ga 'yan gwangwan da 'yan jari bola, ga masu gawayi a kowane lungu. Duk garin da jami'arku take akwai irinsu, kuɗin adaidaita sahu ɗaya ne. Aikin farko da nake bayarwa, kowane ɗalibi ya je ya zauna awa biyu a waje ɗaya da littafi da biro, ba zai tambayi kowa komai ba bayan gaisuwa da neman izini, ya rubuto abin da idonsa ya gani, sannan a shafi na daban ya rubuta abin da yake zato. Zaka sha mamakin yadda raba waɗannan biyun yake musu wuya, zasu rubuto maka mutanen wajen jahilai ne basu damu da tsafta ba, sai ka tambaya da idonka ka ga jahilcin ko me ka gani, sai yace ya ga mace ta zuba shara a kwata, to rubuta haka, sannan ka je ka gano ina bola mafi kusa da gidanta take kuma nawa ake biyan mai baro.

Sai bitar ayyukan baya, wanda a nan ne kwafe-kwafe ya fi yawa. Kusan duk furojet ɗin muhalli a arewa da jimla ɗaya yake buɗewa, wai hamada tana shigowa kilomita 0.6 duk shekara. Nakan ce musu to ku nemo min wanda ya fara auna wannan, a ina ya kafa sandarsa, a wace shekara, da wane ma'auni. Su yi mako guda suna bi, yawanci sai su dawo su ce wannan ya kwaso daga wancan, wancan ya kwaso daga jawabin wani taro. Daga nan sai in basu tarihin maganar. Wani Bature masanin gandun daji, Stebbing, ya ratsa yankin nan a 1934 ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tahowa zata cinye ƙasar, hankalin 'yan mulkin mallaka ya tashi har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, kuma kwamitin bai samu shaidar abin da ya faɗa ba. Ba ina nufin ƙasa bata lalacewa bane, wanda ya je Yusufari ko Machina ya ga tudun rairayi a bakin gonaki ba zai faɗi haka ba, fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 kuma iyayenmu sun ɗanɗana. Abin da nake so su gane shi ne a waje kaza ta lalace a waje kaza kuma ta farfaɗo, kuma sai an je an duba. Ga maƙwabtanmu Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona lokacin sassabe suna rage rassa suna rainon guda biyu ko uku, gawo da kalgo da sauransu, babu dashe babu ban ruwa, abin ya yi ta yaɗuwa shekara da shekaru rahotanni suna ta cewa itatuwa na ƙarewa, sai da su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka haɗa tsofaffin hotunan jirgi da na tauraron ɗan adam da zuwa ƙauyukan Magariya da Matamaye da Mirya da ƙafa, aka ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa. Hoto shi kaɗai zai nuna maka kore amma ba zai faɗa maka dalili ba, hirar ce ta fito da maganar wa ke da ikon bishiyar da ke cikin gona, manomi ko ma'aikacin gandun daji.

Ina son ɗalibai su san cewa a ƙasarsu aka yi wasu daga cikin manyan ayyukan fannin nan, don suna ɗauka komai daga waje yake zuwa. Michael Mortimore ya koyar a Zariya daga baya ya koma Bayero, ya yi ta komawa ƙauye ɗaya, Dagaceri, sama da shekara goma yana bin yadda gidaje suke tsallake fari. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta bi gandu da gayauna gida-gida. David Norman da ma'aikatansa na Samaru sun bi manoman Hanwa da Doka da Dan Mahawayi a shekarun 1960 akai-akai tsawon shekara, a lokacin da malaman gona suke ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, lissafin ya nuna manomin ne da gaskiya, haɗin ya fi riba kuma ya fi tsare shi daga asara. Dukkansu abin da ya haɗa su daɗewa a waje da komawa.

Yanzu ga inda na fi daɗewa a kwas ɗin, mako uku nake ci a kai, wato harshen tambaya. Ɗalibanmu da Turanci suke rubuta takarda, su je ƙauye kowa ya fassara a bakinsa yadda ya ga dama, mutum goma fassara goma, sannan a haɗa amsoshin a ce tambaya ɗaya aka yi. Ka sa su rubuta da Hausa tun farko, ko Kanuri ko Fulatanci in can za a je, wani rukunin da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada a gani ko ma'anar ta tsira. Ɗauki kalmar gida kawai. Gida ɗaya zaka tarar da magidanta huɗu a ciki, wasu suna gandu tare wasu sun ware, in baka tsayar da cewa masu ci daga tukunya ɗaya kake nufi ba duk lissafin da zai biyo baya ya rushe. Gonarka ce, eh tawa ce, alhali aro ce ko jingina ko haya ko gadon da ba a raba ba, kuma wanda ke noma gonar aro ba zai raini bishiya ba, ba zai kai mangalar taki ba, kaga tambayar dorewar ƙasa a nan take kwance. Awo ma haka, dami da kwano da tiya da mudu da buhu da kwando, kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, damin wani ƙauyen ya fi na wani girma. Sikeli ƙarami nake sa su ɗauka, a sussuke dami uku ko biyar a wajen a auna, a rubuta, sannan a juya zuwa kilo. Ƙasa kuma su karɓi sunayenta daga bakin manomi, jigawa da fadama da dabaro da jangargari da faƙo, don shi da waɗannan yake yanke shawarar abin da zai shuka.

Sannan don Allah ka raba su da tambayar nan ta ko ka san sauyin yanayi. Kowa ya ji ta a rediyo, zai ce maka eh ya maimaita maka abin da rediyon ta faɗa, kai kuma ka rubuta kashi kaza sun san sauyin yanayi, me aka gano kenan. A tambaye shi wane irin gero mahaifinsa yake shukawa wanda shi ya bari, yaushe ya bari, me yasa ya koma sosat ko wani mai saurin nuna, sau nawa ya yi shuka bara kafin ta kama, yana binne ko sai ruwa ya sauka, rijiyar unguwar gaba nawa ce da, yanzu nawa. Shekaru kuma ba da lamba ake tunawa da su a ƙauye ba, da abin da ya faru ne, shekarar da aka naɗa dagaci, shekarar canjin kuɗi, shekarar fari, tsofaffin da ma yunwa suna suke sa mata kamar Kakalaba ta wajen 1914. Sai a zauna da dattawa a fara jera waɗannan a takarda kafin a tambayi kowa yaushe. Ita kuma tambayar na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ka yi hattara da ita sosai, Bahaushe baya son ya ƙaryata baƙo a ƙofar gidansa, ka karanto masa jimla zai ce haka ne, ka karanto kishiyarta ya ce wannan ma haka ne, ladabi ne yake maka. Gara ka zuba masa tsakuwa ashirin ko ƙwayar wake kace ya raba su a kan matsalolin gwargwadon nauyinsu, zaka ga ya natsu yana ɗauke biyu daga nan yana mayarwa can, na gefe suna gardama, kuma gardamar nan ita ma a rubuta ta.

Samfuri kuwa, duk sun iya lissafin Taro Yamane na fitar da yawan mutanen da za a tambaya, a ɗauko ƙidayar 2006 a yi mata ƙari a zuba a lissafi a samu kusan 400. Ka nuna musu a allo cewa in dai kuskuren kashi 5 aka sa, ko mutum dubu ɗari ne ko miliyan goma amsar bata wuce 400, don su gane lambar ba ita ce aikin ba, yadda aka zaɓo mutanen shi ne aikin. Mutum 400 da aka tara a bakin kasuwa ko a ƙofar gidan mai unguwa basa wakiltar kowa. Abin da muke yi, a zagaya unguwa da ɗan jagora a ba kowane gida lamba, ko a ƙirga rufin gidaje a Google Earth a tabbatar da ƙafa, a rubuta lambobin a 'yan takardu a zuba a hula, a kira yaro ƙarami ya zaro a gaban jama'a. Wannan yana da amfani biyu, zaɓen ya zama na ƙuri'a da gaske, kuma mutanen gari sun gani da idonsu ba son kai aka yi ba. Gida sittin da aka zaɓa haka sun fi min ɗari huɗun can.

Dole a bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, ta Yobe da Borno kuma Lawan da Bulama, wannan ba abin tsallakewa bane. Amma ka gargaɗe su, in aka bar mai unguwa ya zaɓo waɗanda za a yi hira da su zai kawo 'yan uwansa da masu hali, ba don mugunta ba, yana so ya fita kunyar baƙi ne. Rugar da ke bayan gari ba zata fito a jerinsa ba sai an nemi Arɗo daban. Kuma kar ɗalibi ya tambayi Bafulatani shanunka nawa, ba zai faɗa ba, tunanin jangali bai bar mutane ba kuma ba a ƙirga dukiya a gaban baƙo, a tambaye shi burtali da mashaya da inda yake kai su da rani. Mata kuwa, rabin maganar muhalli a hannunsu take, itace da ruwa da kuka da zogale da ɗanyen ganye da kiwon awaki, kuma namiji baƙo ba zai shiga cikin gida ba, in ya tambayi maigida zai amsa masa da abin da yake zato. Don haka kowane rukuni sai na sa mata aƙalla biyu, kuma su ke jagorantar wannan ɓangaren, ba rakiya suka zo ba. Wata ɗalibata ce ta gano a wani gari cewa matan sun koma girki da kara da kashin shanu wata uku a shekara, alhali mazan duk sun ce itace ake saye, don ita ta zauna a bakin murhu ta gani.

Akwai abin da nake ɗaukarsa da nauyi fiye da duk waɗannan, shi ne amana. Da mutane sun ga takarda da biro zasu ɗauka rajistar tallafi ce, wani zai ƙara asararsa wani zai ɓoye abin da yake da shi, saboda haka jimlar farko bayan gaisuwa ita ce mu ɗalibai ne, babu taki babu kuɗi a bayan wannan, wanda baya so ya amsa babu komai. A faɗa da baki a fili, don sa hannu ko dangwale a takarda yana tsorata mutane, musamman inda aka taɓa karɓe gona da takarda. Kuma a halin tsaron da muke ciki suna da lambar waya da alamar GPS ta gidan mutum ko ruga abu ne da zai iya jawo masa kisa in ya faɗa hannun da bai dace ba, haka mai yin gawayi a dajin gwamnati ko mai haƙar zinare. Lamba ake ba mutum, sunayen su zauna a wajenka kai kaɗai, ba a ɗaukar hoton fuska sai da izini, ba a sawa a Facebook. Duk inda kai ba zaka kwana ba kar ka tura ɗan wani, babu makin da ya kai ran yaro.

Nazarin bayanai ba zan daɗe a kai ba. Kafin su taɓa manhajar lissafi ta SPSS su yi ƙirga da hannu a takarda, gida talatin, su fitar da kashi da matsakaici su zana jadawali su faɗa da Hausa me yake nufi, wanda ya kasa bayyana teburinsa da Hausa bai gane shi ba ko da kwamfuta ta fitar masa da lambobi shafi goma. Excel ya ishi yawancinsu. KoboToolbox na cike tambayoyi kyauta ne kuma yana aiki a waya ba tare da netwok ba, QGIS na zana taswira kyauta ne, hotunan tauraron Landsat sun faro tun 1972 kuma tun 2008 kyauta ake saukewa, sai dai su kula kar su gwada hoton watan Satumba na wata shekara da na watan Maris na wata su ce daji ya ƙare. Hirarraki kuma a rubuta su da harshen da aka yi su, a karanta a ja layi a maganganun da ke maimaituwa, a nemi wanda ya saɓa wa kowa a koma masa.

Kan maganar kwafe da cike takardu a ɗakin kwana, yanzu ga ChatGPT ma ya ƙaru, wa'azi baya maganinsa, tsarin maki ne yake magani. Ni kaso mafi girma na makin aikin aji a kan littafin fita yake, wanda aka rubuta da hannu da kwanan wata da sunan unguwa da abin da ya faskara. Wanda ya rubuto cewa gida bakwai sun ƙi amsa masa kuma ga dalilin da yake zato yana samun maki fiye da wanda ya kawo takardu ɗari babu gurbi ko ɗaya a buɗe, don takardar da ta je ƙauye da gaske tana dawowa da ƙura da gyare-gyare da rubutu a gefe. Sannan kowane rukuni minti goma a gabana, in ɗauko takarda ɗaya in ce wannan matar a ina kuka same ta, me take yi lokacin. Wanda ya je zai fara baka labari har sai ka tsayar da shi. Da ɗalibai ɗari ka yi rukuni na mutum shida-shida, ka roƙi 'yan digiri na biyu su riƙe maka uku-uku, su ma suna ƙaruwa.

In an gama a koma a faɗa wa mutanen abin da aka samu, ko da rabin awa ne a ƙofar gidan dagaci, shafi ɗaya da Hausa, matan kuma 'yan matan rukunin su shiga su karanta musu. Sau da yawa a nan ake gyara mana kuskure, wani ya ce a'a wannan ba haka bane kun tambayi 'yan gabas ne kawai. Kuma ka duba kalandar noma kafin ka sa ranar fita, in simistar ta faɗo a tsakiyar damina lokacin noman farko da maimai ba zaka samu kowa a gida da safe ba sai tsofaffi da marasa lafiya, sai dai bayan la'asar, ranar kasuwa ma haka, da azumi kuma kar hira ta wuce minti ashirin. Bayan kaka ya fi, hatsi yana rumbu, damin yana nan a ƙirga, mutane suna da sukuni. Ka turo min jadawalin makonninku da garin da kake tunanin ɗauka in duba maka inda fita ta farko zata zauna, ni dai bana bari ta wuce mako na uku.